Karen da ke lamushe abinci ƙiftawa da bismilla: tambayoyi da amsoshi kan kwanon rage gaggawa da kayan wasan abinci

Na daɗe ina kiwon karnukan gadi a nan Maradi. Tun ranar da maƙwabta suka ga na ajiye wa karena Duna tuwo a cikin tandar masa, tambaya ba ta yanke ba, wasu da gaske suke, wasu kuma dariya ta kawo su. Ga waɗanda aka fi yi mini, da abin da nake amsawa.

Malam, karena ba ya tauna abinci. Kafin in juya baya kwano ya zama fayau. Haɗama ce ko cuta?

Ɗan'uwa, da farko dai ka cire masa laifin rashin tauna, domin ba a halicce shi don tauna irin tamu ba. Babban kare yana da haƙora 42, kuma na gefen nan aikin almakashi suke yi, su yanka, su yage, ba su niƙa kamar turamen bakin akuya. Muƙamuƙinsa ma sama da ƙasa kawai yake motsi. Kakanninsa na daji a garke suke ci, wanda ya tsaya yanga ya kwana da yunwa, kuma kyarkecin ƙasashen sanyi yana iya cinye nama wajen kilo 9 a zama guda in ya daɗe bai samu ba. Saboda haka ɗan sauri a wajen kare gado ne.

Amma akwai saurin da ya wuce gado, kuma galibi mu ne muke jawo shi. Kwikwiyon da ya tashi cikin ƴan'uwa bakwai a kan kwano ɗaya ya koyi darasi tun idonsa bai gama buɗewa ba, kuma ba ya mantawa ko da ya zama shi kaɗai a gida. Karen da ake ba abinci sau ɗaya a yini, shi ma sai abin da ya rage a tukunya, yau da yawa gobe ƙanzo, ba za ka ce masa mahandami ba, mayunwaci ne. Sai kuma tsutsar ciki, wadda ke cin rabonta kafin shi ya amfana. Duk wanda ya zo mini da maganar sayen kwano, waɗannan ukun nake fara tambayarsa.

To in ya ci da sauri, me zai same shi? Ai cikin nasa ne.

Abu mafi sauƙi shi ne ya ƙware, ko loma ta tsaya masa a maƙogwaro. Na biyu, ya dawo da abincin nan take, ka gan shi a dunƙule kamar yadda ya shiga, bai narke ba, ba tare da wani yunƙuri ba. Wannan daban yake da amai na gaske, wanda sai ciki ya motsa, kare ya yi ta lasar baki tukuna. Na uku, iska. Kare mai wawurar abinci yana haɗiye iska tare da kowace loma, sai gyatsa da tusa da rashin sukuni. Duk waɗannan ana rayuwa da su. Na huɗun ne ke kisa.

Wane ne na huɗun?

Kumburin tumbi da murɗewarsa. A nan zan daɗe, domin ko ba ka karanta komai ba a wannan shafi, ina so ka karanta wannan.

Tumbin kare a rataye yake cikin ciki kamar jaka mai baki biyu, ɗaya mashigar abinci, ɗaya mafita zuwa hanji. Idan ya cika da iska da abinci, yakan juya a kan kansa, yadda mace ke murɗa bakin leda ta ƙulle. Daga nan ƙofa biyun sun toshe. Ba gyatsa, ba amai, ba wucewa. Iska na ƙaruwa, tumbin na danne manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, wani lokaci ya ja saifa su murɗe tare, naman tumbin ya fara mutuwa don rashin jini. Cikin ƴan awoyi kare lafiyayye sai ya zama gawa.

Alamominsa ba su da wuyar ganewa. Kare zai yi ta yunƙurin amai ba abin da ke fitowa sai farar kumfa. Yawu na dalala. Ya kasa zama, ya kasa kwanciya, yana waiwayen cikinsa. Cikin, musamman bayan haƙarƙari, ya yi tauri, in ka ɗan buga da yatsa ya yi sauti kamar kalangu. Can gaba dasashi ya yi fari, numfashi ya yi sama-sama, ƙafafu su ƙi ɗaukarsa.

Mu mutanen Maradi mun san kumburi a jikin bisashe. Duk mai jar akuya ko ragon layya ya taɓa ganin wadda ta ɓarke buhun gero ta kumbura, kuma kowa da dabararsa, wani ya ɗura mai, wani kanwa. Kada ka gwada ko ɗaya a kan kare. Tumbin da ya murɗe ba ya karɓar ɗuri, abin da ka zuba huhu zai nufa. Maganinsa hannun likitan dabbobi ne, ya sace iskar, ya yi tiyata ya warware tumbin ya ɗinke shi da bangon ciki don kada ya sake juyawa. Shi ya sa nake cewa ka nemi lambar likitan dabbobi ka ajiye a wayarka yau, ka kuma tambaye shi ko yana yi wa kare tiyata, in ba ya yi ya faɗa maka wanda ke yi. Ba a kiwon kare ranar farauta, kuma abin nan ya fi son dare, bayan cin abincin yamma.

Ba kowane kare ne ke cikin haɗari iri ɗaya ba. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji da tsukakken ƙugu su ne kan gaba: karen Jamus ɗin nan da ƴan sanda ke amfani da shi, da Doberman, da dogon nan Great Dane. Karen Azawak na Abzinawa, da ake samu arewa da Tawa, shi ma ƙirar ƙirjinsa ke nan, don haka mai shi ya sa ido. A shekarar 2000 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Larry Glickman, sun fitar da sakamakon bin diddigin manyan karnuka sama da 1,600. Abubuwan da suka ga suna ƙara haɗarin sun haɗa da tsufa, da samun uwa ko uba ko ɗan'uwan da ya taɓa yi, da saurin cin abinci, da ɗora kwano a kan wani abu mai tudu. Biyun farko ba su hannunka. Biyun ƙarshe suna hannunka.

Shi wannan kwanon rage gaggawa, yaya yake?

Kwano ne da aka yi wa tuddai da kwaruruka a ciki, wani kamar zanen lalle mai zagaye, wani kamar kunyoyin gona, wani kuma da ƴan turaku uku ko huɗu a tsaye. Abinci ya shige lunguna, baki ba ya samun damar cika, dole kare ya riƙa zaƙulowa da harshe kaɗan-kaɗan. Abincin da yake gamawa kafin ka ƙirga talatin sai ya ɗauke shi mintuna. Ana yin sa da roba mai tauri, da baƙin ƙarfe marar tsatsa, da tangaran. Akwai kuma shimfiɗaɗɗe mai laushi mai ƴan ƙuraje, wanda ake shafa wa abinci mai ruwa-ruwa kare ya yi ta lasa.

In za ka saya, duba bakin karenka kafin ka duba kyan kwanon. Mai dogon baki, irin karnukanmu na gida, yana iya da kwari mai zurfi. Mai gajeren baki sai mai tuddai gajeru, in ba haka ba ya goge hancinsa har ya yi jini. Ka shafa cikin da yatsa, in akwai kaifi ka bar shi. A zafin Maradi na fi son na ƙarfe, domin roba mai araha in rana ta dafa ta wata biyu sai ta fara tsagewa, kuma ɓallin roba a hanji wata masifar ce.

Kwanon dai yana rage sauri da haɗiyar iska. Ba laya ba ne. Karen da ke ci a cikinsa ma tumbinsa na iya murɗewa, don haka alamomin can na sama suna nan daram a kanka.

Malam, ni mai gadi ne, karen ma na maigidana ne. Ina na ga kuɗin kwanon Turawa?

Ni ma ban fara da shi ba. Tandar masa ita ce kwanon rage gaggawa da Allah ya ba mu tun kafin a ƙirƙiro sunan. Ka samu ta zubin sanholo, irin wadda masu ƙera tukwane ke yi, ba ta yumɓu ba, domin ta yumɓu tana fashewa kuma tana shan romo ta yi wari. Ka rarraba abincin cikin gurabun. Kowane gurbi loma ɗaya ce ko biyu, dole ya ɗaga kai ya matsa zuwa na gaba. Tana da nauyi, ba ya iya turata zuwa bakin zaure.

In babu tanda, ka samu babban kwanon sha, ka kifa ƙaramin kwano a tsakiyarsa, ka zuba abincin a zagaye. Ko ka baza abincin siriri a kan faffaɗan tire, wanda shi kaɗai ma yana rage sauri sosai, tunda ba tudun da zai cika baki da shi.

Wasu na sa dutse a tsakiyar kwano. Yana aiki, amma da sharaɗi: dutse ɗaya, sumul, wanda ya fi bakin karen girma nesa ba kusa ba. Tsakuwa da ƙananan duwatsu haɗiye su zai yi tare da tuwo, kuma karen da ke gatsar dutse haƙori zai karya. Ƙwarya kuwa ka bar wa masu fura. Duna ya cinye mini biyu kafin in yi hankali.

Ai duk hotunan da nake gani a waya busasshen abincin buhu ne. Mu tuwo da shinkafa muke ba su.

Tuwo ma ya fi dacewa da tanda. Sai dai kada ka jefa masa malmala guda. Malmalar tuwo, balle wanda ya kwana ya yi tauri, ita ce ke tsayawa a wuya. Ka murmushe shi ƙanana, ka sassauta da romo ko ruwa, sannan ka shafe shi cikin gurabun yadda sai ya lasa. Garin rogo ka jiƙa shi ya gama kumbura a kwano, kada ya je ya kumbura a ciki. Ƙullin fanke ko na burodi mai yis kuwa kada ya kusance shi ko kaɗan, domin ɗumin tumbi shi ne abin da ƙullin ke so, zai ci gaba da tashi a can.

Tunda mun zo nan, bari in faɗi abin da ke cikin ragowar abincinmu. Albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ko dafaffu, kuma miyarmu ba ta rabuwa da su. Lasa ɗaya ba za ta kayar da babban kare ba, amma kullum-kullum tana taruwa. Ya fi kyau a ɗebar masa tuwonsa kafin a zuba miya, a haɗa masa da romon da ba yaji, da ɗan kayan ciki dafaffe, ko ƙwai, ko kifi da aka cire wa ƙaya. Cakulan, inabi da zabibi, da goro, duk guba ne a gare shi. Ƙuli-ƙuli da tunkuza yana son su, amma wanda ya yi fumfuna a jefar, saboda gubar da ke cikin fumfunar gyaɗa da masara hanta take ci, kuma kare ba ya jure mata.

Kayan wasan abinci fa? Wannan ba almubazzaranci ba ne, a ce kare ma sai an saya masa abin wasa?

Alhaji, sunan ne ya ɓata abin. Ba ƴar tsana ba ce. Mazubi ne da ake ɓoye abinci a ciki, kare ya yi dabara kafin ya fitar. Wanda ya fi shahara shi ne Kong, wata roba mai tauri mai rami a tsakiya, ƙirarta kamar an ɗora ƙwallaye uku kan juna. Wani Ba'amurke mai suna Joe Markham ne ya fito da ita kasuwa a 1976. Karensa Fritz yana da ɗabi'ar gatsar duwatsu har haƙoransa suna lalacewa, wata rana Markham yana gyaran tsohuwar motarsa Volkswagen ya jefa masa wata roba daga ƙarƙashin motar, karen ya manta da dutse. Daga baya wata mata ƴar Suwidin, Nina Ottosson, ta shahara da ƙera allunan katako da na roba masu ƴan ƙofofi da marafai, waɗanda sai kare ya ture da hanci ko ya ja da ƙafa kafin ya ga abin da ke ƙasa.

Amfaninsu ya wuce rage sauri. Ka dubi rayuwar karen gadi a unguwa kamar Ali Ɗan Sofo ko Zariya: yini guda a ɗaure ko a kulle a ɗan keji bayan gida, ba farauta, ba kiwo, ba abin shinshina sai bangon da ya haddace. Wannan dabba ce mai hancin da ya ninka namu nesa, an bar ta ba aikin yi. Shi ya sa yake haushi ba dalili, yake tona ramuka gindin katanga, yake cinye takalmin baƙo. Lokacin cin abinci shi ne kaɗai abin da ke faruwa a yininsa, kuma yana ƙarewa cikin daƙiƙa talatin. In ka mayar da shi minti ashirin na nema da dabara, ka ba shi abin da ya fi ƙoshi.

Amma ba zalunci ba ne ka wahalar da dabba a kan abincinta?

Da zalunci ne da ban yi ba, don mun san wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Tun 1963 wani masani mai suna Glen Jensen ya nuna cewa ɓeraye, in aka ajiye musu abinci a banza ga kuma wanda sai sun danna wani ƙarfe, sukan zaɓi su danna. An sake gwada haka a kan dabbobi iri-iri an ga abu ɗaya. Kyanwa ce ta fita zakka, ita dai a ba ta a kwano. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma kare gudun ma yana so.

Inda zaluncin yake shi ne ka ba mayunwacin kare abin da ya fi ƙarfin dabararsa, ka tafi ka bar shi. Karen da haƙarƙarinsa ke ƙirguwa daga nesa, ko karya mai shayarwa, ko tsohon da haƙoransa suka zube, ko marar lafiya, a ba su abincinsu a sauƙaƙe. Wasa na mai ƙoshi ne.

Akwai wanda zan iya haɗawa a gida?

Da yawa. Gorar roba ta ruwa, ka cire marfin da zoben wuyanta, ka huda ramuka uku ko huɗu a jiki, ka zuba busasshen abu kamar gutsattsarin ƙuli marar yaji ko busasshiyar hanta. Zai yi ta mirgina ta abincin na faɗowa ɗai-ɗai. Da ya fara tauna gorar kanta, ka karɓe. Guntun bututun ruwa mai kauri, irin na masu aikin famfo, ya fi gora ƙarko: a huda shi, a goge bakin ramukan su yi sumul, a toshe gefe biyu da marfinsa.

Tsohon tawul ko zane, ka barbaɗa abinci ka naɗe kamar tabarma, ya warware da hanci. Kwalin ƙwai ma haka, in ya yage ba asara. Ita tandar kuma ana ƙara mata wuya, a rufe gurabun da ƙwallaye ya riƙa ɗagawa, muddin ƙwallon ya fi ƙarfin haɗiya. Mai firiji ya cusa tuwo da romo a cikin Kong ya daskarar, in wuta ta yi masa adalci. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura 40, babu kyautar da ta kai wannan a wajen kare.

Dokar duka ɗaya ce: duk abin da ka haɗa da hannunka, kana wurin ake amfani da shi. Tsumma da roba in suka shiga hanji ba su fita da kansu.

Me zai hana in watsa masa abincin a tsakar gida kawai ya tsince?

A ƙasar da ke da ciyawa haka suke yi. Mu yashi muke da shi. Zai tsinci abinci da rairayi tare, rairayin ya taru a hanji ya toshe, ga ƙwan tsutsa da ke cikin ƙasar da yake kashi. In za ka watsa, ka watsa a kan siminti da aka share ko tabarmar roba. Ka kuma kwashe ragowar, in ba haka ba cinnaku da kiyashi za su zo su gaje wurin.

Karnukana biyu ne, uwa da ɗanta. Na sa musu tanda amma saurin na nan.

Hajiya, ba tanda ce matsalarki ba, ido ne. Muddin ɗaya na ganin ɗaya, tsere suke yi. Ki raba su, ɗaya a zaure ɗaya a bayan ɗaki, yadda ba mai hango wani, kuma kada ki saki wanda ya riga gamawa sai ɗayan ya ɗaga kai. Kaji da awaki ma a kore su daga wurin, don kare ba ya bambanta mai ƙwace. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, ba a sayi komai ba.

Nawa ya ƙi ci a ciki. Da na matsa masa ma sai ya kifar da kwanon ya cinye a ƙasa.

Wannan mai wayo ne, ya warware wasan ta hanyar da ba ka zata ba. Ka samu mai nauyi, ko ka zaunar da kwanon cikin tsohuwar tayar babur ko ta mota yadda ba zai samu gefen ɗagawa ba.

Wanda ya ƙi ci kuwa, an yi masa gaggawa ne. Ranar farko ka zuba abincin sama-sama yadda zai samu ba wahala, ka ɗora abin da ya fi so a kai. In gora ce, ramukan su zama manya har abinci na zuba da ɗan taɓi. Sai ya gane cewa abin nan yana biya, sannan ka riƙa ƙara wuya. Wasu karnukan ƙarar ƙarfe a kan siminti ce ke firgita su, sai a shimfiɗa buhu a ƙasa. In ya yi minti goma yana fama har ya fara kuka ko ya juya baya, ka sauƙaƙa masa, kada ya kwana da yunwa a kan gwajinka.

Na ga ana ɗora kwano a kan ɗan benci don kada kare ya sunkuya. In yi?

A'a. Da can an ɗauka yana hana kumburi, binciken Purdue ɗin nan ya nuna akasin haka ga manyan karnuka. Kwano a ƙasa. Sai fa in likita ne ya ce ka ɗaga saboda wata cuta ta hanyar abinci, wadda ke sa maƙoshi ya saki ya kasa tura loma.

Sau nawa zan ba shi a yini, kuma da wane lokaci?

Babban kare sau biyu, ba sau ɗaya ba. Adadin abincin bai canza ba, raba shi ka yi. Tumbin da aka cika maƙil sau ɗaya ya fi saurin juyawa, kuma karen da ya yi awa 24 yana jira dole ya wawura. Kwikwiyo ɗan wata biyu zuwa uku sau huɗu, daga nan zuwa wata shida sau uku.

Lokaci kuwa, da sassafe bayan ya sauka daga gadi ya huce, sai kuma da yamma in rana ta yi sanyi. Kuskuren da masu gadi ke yi shi ne a cika masa ciki da magariba a kwance shi nan take, ya hau zagaye gida da gudu yana haushi. Ka ba shi tun la'asar sakaliya, ya samu kamar awa guda yana kwance kafin a sake shi. Mafarauta ma haka, kada a dawo daga daji yana haki a tura masa kwano, ko a bar shi ya shanye bokitin ruwa a tashi ɗaya. Ruwa dai ya kasance a gabansa kullum a inuwa, don wanda bai yi ƙishirwa mai tsanani ba ba ya yi masa shan raƙumi.

Yaya batun wanki da tsarki? Matata ta ce tandar nan ba za ta sake shiga madafinta ba.

Tana da gaskiya, kuma ni ma tawa haka ta ce. Kayan kare na kare ne, da soson wankinsa, da wurin ajiyarsa. Hadisin wanke mazubin da kare ya yi lallagi a ciki sau bakwai sananne ne, malaman Malikiyya suna ɗaukarsa umarni ne na bauta, wasu mazhabobin kuma suna ganin najasa ce. Wannan fagen malamai ne, ka tambayi naka. Ta fuskar lafiya kuwa, kwano mai lunguna ya fi kwano sumul riƙe datti. Tuwon da ya maƙale a kwari da safe, kafin azahar ya yi tsami ƙudaje sun sauka. A wanke da sabulu bayan kowane ci, a bi lungunan da tsohon buroshin haƙori, a kife a rana. Robar da ta yi zane-zanen haƙori har ba ta wankuwa, lokacinta ya yi.

Yarana suna son kallonsa yana fama da gorar. Akwai matsala?

Su kalla daga nesa. Wannan kayan yana tsawaita lokacin da kare ke tsare da abincinsa, kuma karen da ya fi kowa haƙuri yana iya kai cizo in ƙaramin hannu ya nufi abin da yake ci. In ya sandare, ya sunkuyar da kai kan kwano, yana kallo ta gefen ido ko yana gurnani, gargaɗi ne, kada a dake shi a kansa, a ja baya. In za ka karɓi gora, ka jefa masa wani abu mai daɗi can gefe, ka ɗauke bayan ya tafi. Kuma allurar haukan kare ta zama tana kan lokacinta. In tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Da Babbar Sallah fa, da nama ya yi yawa?

A nan ake asarar karnuka. Dabbar da ta shekara tana cin tuwo sai a tula mata kitse da tumbi da ƙasusuwa rana ɗaya. Kitse mai yawa a tashi guda yana kumbura wata gaɓa da ke kusa da tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, kare ya yi ta amai yana ƙugewa don ciwo. Ƙashin da aka dafa ko aka gasa yana tsagewa kamar tsinke ya huda hanji. Ka yanka masa rabonsa ƙanana, marar kitse, ka rarraba a tanda, sauran ka shanya ba gishiri ba yaji. Ga abin zuba wa gora na wata guda ka samu.

Na yi duk wannan, yana ci kamar ba gobe, amma kullum ramewa yake.

To wannan ya wuce maganar kwano. Yaushe rabon da a ba shi maganin tsutsa? Kwikwiyo ana fara ba shi tun yana sati biyu, a maimaita duk bayan sati biyu har ya kai wata biyu, sannan wata-wata zuwa wata shida. Babba kuwa duk wata uku, kuma gwargwadon nauyinsa ake aunawa, ba da ka ba. Kada ka ba shi na tumaki don ka ga yana gida.

In an yi maganin tsutsa abin bai sauya ba, ka lura da abu biyu kafin ka je wajen likita, domin zai tambaye ka. Na ɗaya ruwa: in yana sha ba ƙaƙƙautawa yana fitsari da yawa, ana zargin ciwon suga. Na biyu kashinsa: in yana da yawa, fari-fari, mai maiƙo da wari, alama ce abincin wucewa kawai yake ba ya narkewa, kuma wannan cuta ta fi kama karen Jamus. In kuma akwai wani magani da ake ba shi na ƙaiƙayi ko kumburi, ka tafi da kwalin, don wasunsu, irin su prednisolone, suna buɗe ciki su sa ƙishirwa.